Duk wanda ya taya babur ɗina sai in ce albarka

Assalamu alaikum. Malam, shekaruna 52, a Agadas aka haife ni amma tun ina saurayi nake zaune a Kano. Ina da babur Yamaha DT 125 da na saya na hannu a 1998. Da shi muka yi zamanin tsere ni da abokaina, duk yammacin Lahadi, a wani fili da ke bayan gari, don tun ranar da na ga 'yan tseren Faris zuwa Dakar sun shigo garinmu ina yaro abin ya shiga raina. Wata rana na faɗi da shi, na karye a kafaɗa, shi kuma firam ɗinsa, wato ƙarfen da ke riƙe da jikin babur ɗin, ya tsage a wuya aka yi masa walda. Yanzu shekararsa takwas a jingine a soro. Bikin 'yata saura wata uku, ina neman cikon kuɗin kayan ɗaki. Mutum uku sun zo sun taya, duk na ce albarka, don abin da suke bayarwa cin mutunci ne. Uwargida ta ce dama can ba sayarwa nake son yi ba, ita kuwa wurin take so ta ajiye firjin sayar da ƙanƙara. Wani dillali ya ce in bari a fesa masa fenti a rufe waldar, in yi shiru, zai samo min kuɗi mai kauri. Ga kuma ɗan maƙwabcinmu, ɗan shekara 19, ya nace in ba shi ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, kuma na san wasa zai yi da shi. Me ka gani?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya, ya ba yaran zaman lafiya.

Bari in fara da inda ba za ka ji daɗi ba: uwargida ta gano ka. Wasiƙar da ka aiko ta ninka wadda na buga a sama sau uku, dole ta sa na rage ta. A ciki ka ba ni labarin ƙurar Agadas, da laƙabin da abokai suka sa maka a filin tsere, da yadda kake kwantar da babur a kwana har gwiwarka ta kusa shafar ƙasa. Na bi ta daga farko har ƙarshe ina neman layi ɗaya da zai gaya min ko injin yana tashi. Babu. Wanda da gaske yake son rabuwa da kaya, daga nan yake farawa. Kai kuwa mutum uku sun zo sayen babur, ka zaunar da su a benci ka tallata musu ƙuruciyarka, da suka ƙi biyan kuɗinta ka ce sun ci maka mutunci.

Ba raina abin da ka gani na yi ba. Yaron da ya tashi a Agadas a shekarun 1980 in ya haukace a kan babur ba a ga laifinsa ba. Wani Bafaranshe ne, Thierry Sabine, ya ƙirƙiro tseren nan, bayan shi kansa ya ɓata a hamada a kan babur a 1977, da ƙyar aka tsinto shi da rai. Karon farko sun tashi daga Faris ranar 26 ga Disamban 1978, suka keta Aljeriya, suka gangaro Nijar ta Agadas har Yamai, suka ratsa Mali, suka isa Dakar ranar 14 ga Janairun 1979. Tafiyar wajen kilomita 10,000. Ababen hawa 182 ne suka tashi, 74 suka kai. Wanda ya lashe kuwa, Cyril Neveu, a kan babur yake, Yamaha XT 500, wato yayan naka. Daga nan Agadas ta zama zangonsu. Cikin sanyin Janairu sai a wayi gari jirage sun cika filin jirgi, Turawa sun yi buɗu-buɗu da ƙura kamar an tono su daga rami, makanikai suna kwana a gindin fitila suna kwance inji suna ɗaurawa, yara suna biye da su suna roƙon sitika da hula. Ka ce wani ya ɗaga ka ya ɗora a kan tankin babur ɗinsa aka ɗauke ku hoto, hoton da har yau ba ka taɓa sa shi a ido ba. Na yarda da kai. Irin wannan ba ya goguwa.

Sai dai ka duba inda kowa ya nufa. Sabine ya mutu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ranar 14 ga Janairun 1986, ana tsakiyar tseren. A 2008 aka soke shi gaba ɗaya saboda barazanar tsaro a Muritaniya, a 2009 aka kwashe shi zuwa Kudancin Amurka, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yi, sunan Dakar ne kawai ya rage a jikinsa. Filin da kuke tsere ka ce an yanka shi fuloti-fuloti an gina. Abokan, ɗaya ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ɗaya ya zama limamin unguwarsu, sauran kowa ya kama gabansa. Abin da ya rage maka a hannu shi ne ƙarfen nan na soro, shi ya sa ka tattara kuɗin duk waɗannan ka ɗora masa. Mai saye kuwa bai je Agadas ba, bai san mamacin ba, ƙarfe ya zo gani.

To tashi ka shiga soron da idon baƙo. Tayoyin sun sace tun tuni, gefensu ya tsattsage, ko an hura su babu mai hankalin da zai amince musu. Buɗe tanki ka haska da fitilar waya, za ka ga tsatsa, ka ji warin tsohon fetur mai kama da na fenti. Wanda ya kwana a kafireta ya daskare ya zama kamar ƙaro, ya toshe 'yan hanyoyin da mai ke bi. Sarƙa ta ƙage, igiyar birki da ta kuloci sun bushe, batir ba a ma maganarsa. Ɗaga kujera, ina kyautata zaton ɓeraye sun yi haihuwa ba ɗaya ba a cikin soson, sun kuma ɗanɗana wayoyin wuta. DT kuma irin injin nan ne mai ƙona baƙin mai tare da fetur, mai shuɗin hayaƙi da ƙara kamar an rufe zuma a gwangwani. In ya daɗe a ajiye, robobin da ke toshe gefen injin sukan bushe ya riƙa zuƙar iska ta inda bai kamata ba, kuma in ɗan famfon da ke tura masa mai ya tsaya ba ka sani ba, ka buga ka murza, fistan ya kama, ka jawo wa kanka aikin da ya fi wanda ka tarar. Don haka kada zumuɗi ya sa ka zuba fetur gobe da safe ka hau buga kik. Nemo tsohon bakaniken da ya san Yamaha, ba yaron da ya buɗe ido a kan Boxer ba.

Abin da waɗancan ukun suka taya ke nan: mushen babur da ba su ji kukansa ba. Kuma in mutum uku da ba su san juna ba suka tsaya kusan wuri ɗaya, ba haɗa baki suka yi ba, kasuwa ce ta yi magana. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tambayar farko da mai sayen babur ke yi ita ce yaya shan mansa, kuma a nan DT ba ya iya haɗa kafaɗa da Boxer ko TVS ko Jincheng. Tambaya ta biyu kayan gyara. Na Boxer ko a ƙauye ka tsaya za ka samu a teburin mai faci, naka kuwa sai an shiga Ƙofar Ruwa ana tone-tone, wani abin ma sai an aika Fanteka a Kaduna. Wannan ba cin mutunci ba ne, lissafi ne.

Amma kasuwar ba duka ta juya maka baya ba. Faɗuwar naira ta sa sabon babur ya yi tsadar da na hannu ma ya samu daraja. Kuma DT yana da mutanensa: mai gona a cikin rairayi, malamin gona, mai bin kasuwannin ƙauye ta hanyar da damina ke cinyewa, da dattijo irinka da ya hau shi a ƙuruciya yana neman wanda zai gyara ya riƙa zagayawa. Wanda ke neman abin zuwa cefane da kai yara makaranta ba naka ba ne, kuma ina zargin irinsu ka yi ta nuna wa. Su tsofaffin makanikan nan su suka san wanda ya taɓa cewa in an ga DT a sanar da shi. Ka kashe ɗan abin da zai sa ya tashi ya tsaya da ƙafarsa: wanke tanki da kafireta, sabon fulogi, mai, birki mai kamawa, wanka da sabulu. Ka tsaya nan. Kada ka shiga sabunta inji da sayen sababbin robobi, kuɗin ba zai dawo ba, kuma na san ka, in ya fara sheƙi za ka ce ka fasa. Daga nan ka ɗauke shi hoto da rana, dama da hagu, gaba da baya, da ɗan bidiyon da ke nuna an tayar da shi da sanyin safiya, ka sa a WhatsApp da Facebook, ko Jiji in kana hulɗa da shi.

Wajen sa kuɗi, ka tambayi makanikai biyu, kowa daban, kuma kada ka ce nawa zan sayar, don za su faɗi abin da zai faranta maka. Ka ce in kai ne nawa za ka biya yau. Kuɗin da ka gani an rubuta a intanet buri ne na mai kaya, ba shi aka sallama ba. In ka haɗa abin da ka ji, ka rubuta mafi ƙarancin abin da za ka karɓa a takarda ka ba uwargida ta ajiye, da sharaɗin duk wanda ya kai nan an sallama masa. Ita ba ta je Agadas ba, hannunta ba zai yi rawa ba. Ka kuma ba kanka mako shida, ba wata uku ba, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Kada mai saye ya ji maganar biki daga bakinka. Da zarar ya shinshino kana da rana a gaba, zai koma gida ya jira ka kira shi.

Yanzu maganar dillali, wadda ita ce ta sa ban jinkirta amsa ba. Ka san inda wuyan firam yake fiye da ni. Nan ne gaban babur gaba ɗaya, da kai da taya da komai, yake riƙe da gangar jiki. Duk birkin da aka taka, duk ramin da aka faɗa, nan nauyin ke sauka. In waldar ta saki ana cikin gudu, tayar gaba ta yi gabas, mai tuƙi ya yi yamma. Wannan ba ƙarzuwar tanki ba ce da za a ce ado ne aka gyara. Abin da dillalin ya ce ka yi shi ne ka lulluɓe wurin da ran mutum ya rataya, don kada ya gani.

Ka san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, ya ce masa me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Fenti a kan walda shi ne busasshen hatsin da aka barbaɗa a sama. Akwai kuma hadisin da ya ce masu ciniki biyu in suka yi gaskiya suka bayyana, a sa musu albarka a cinikinsu, in suka ɓoye suka yi ƙarya, a shafe albarkar. Kai da bakinka ya saba da cewa albarka, ga inda take. Kuɗin nan gado da katifa da tukwanen 'yarka za su zama, a ɗakin da kake roƙon Allah ya zaunar da ita lafiya. Ni dai ba zan so a kafa gadon 'yata da kuɗin da aka samu ta ɓoye tsaga ba.

Ko ta fuskar duniya ma dabarar ba ta da kai. Sabon fenti a wuyan tsohon babur kamar tuta ne, duk bakaniken da aka zo da shi dubawa nan zai fara kai farce. In ya tono, ba waldar kaɗai ka rasa ba, duk abin da ka faɗa a kan injin ya zama abin zargi. In kuma bai tono ba sai daga baya, mai saye yana da damar dawo maka da kayanka ya karɓi kuɗinsa, haka fiƙihu ya tanada game da aibin da aka ɓoye, a lokacin kuwa kuɗin sun zama labule da kujeru. Dillali ya karɓi la'adarsa ya kashe waya. Kai ne mai gida a unguwa, ƙofarka za a buga.

Abin yi shi ne ka kai wa ƙwararren mai walda ya kankare wurin ya duba. In akwai siririn layin tsatsa da ke bin gefen ɗinkin, tsagar ta dawo. A ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba a ga ko suna kan layi ɗaya. In aikin yana da kyau, ka bar shi a buɗe, ka ɗauki hotonsa, ka nuna wa mai saye da yatsanka kafin ya tambaya, ka gaya masa shekara nawa ka hau shi bayan gyaran. Za a rage maka kuɗi, babu shakka, amma mutumin da ka nuna masa aibi da kanka ya fi saurin yarda da sauran maganarka. In kuma mai waldar ya girgiza kai, to ba babur kake sayarwa ba, inji da kayan gyara ne, ka sayar wa masu kwancewa da wannan sunan. Wani lokaci ma irin wannan a warwatse ya fi kuɗi, tunda kayansa sun yi wuya.

Ba ina cewa dillalai duka haka suke ba. Na kirki yana rage maka wahala, la'adarsa halal ce. Amma a yanke ta tun farko, kuma a yi ciniki a gabanka, don kada a sayar a wani kuɗi a kawo maka wani. Wannan naka dai ya riga ya nuna maka halinsa. Wanda ya ce ka rufe mai saye, kai ma zai rufe ka.

Yaron maƙwabci kuma, kada ka ba shi. Ko da kuɗi a hannu ya zo, balle bashi.

Na san abin da ke jan ka. Kana kallonsa kana ganin kanka, shi kaɗai ne cikin duk waɗanda suka zo yake shafa tankin yadda kake so a shafa, shi kaɗai ke zama ya saurari labarin Agadas har ƙarshe. Amma tuna da waɗanda ka gani a can. Suna da hular kwano, da sulke tun daga wuya har ƙafa, da likitoci, da jirage masu shawagi a kansu, duk da haka tseren ya ci rayukan da yawa daga cikinsu, har da mai shi. Ya kuma ci mutanen ƙauyukan da aka ratsa, har da yara, waɗanda ba a nuna fuskokinsu a talabijin ba. Ku ma da kuka kwaikwaya, a fili kuka yi, kan ƙasa, babu tirela babu A Daidaita Sahu, kuma ga kafaɗarka nan tana gaya maka zuwan hunturu kafin kowa ya sani. Shi wannan yaron ba fili zai je ba. Ranar ɗaukar amarya zai fito kan kwalta da silifas, ya ɗaga tayar gaba a tsakiyar motoci, ya sauke ta da ƙarfi a kan wuyan da aka yi wa walda. Ka leƙa asibitin ƙashi na Dala wata rana ka tambayi samarin da ke kwance abin da ya kawo su. Gaskiya ne in ka sayar wa baƙo ba ka da iko da abin da zai yi. Amma wannan ka sani, da bakinka ka rubuta. In wani abu ya faru, da mahaifinsa za ku riƙa haɗa sahu kullum asuba.

Ba sai an yi rigima ba. Ka samu uban, ba yaron ba, ka ce kuɗi kake bukata a dunƙule saboda hidimar da ke gabanka, kuma firam ɗin yana da walda, ba na gudu ba ne. Duka biyun gaskiya ne. Shi kuma yaron, ka ja shi ya raka ka wurin bakanike, ya riƙe sifana, ya ga yadda ake wanke kafireta. Ka ba shi labarin ranar faɗuwar ma, ba na kwanar da gwiwa ke shafar ƙasa kaɗai ba: wanda ya ɗauke ka, da watannin da mahaifiyarka ta yi tana sa maka riga. Batun biya kaɗan-kaɗan kuwa, ga kowa ne, ka rufe shi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka nauyin abin. Mai kayan ɗaki ba zai karɓi alkawarin ɗan maƙwabci ba, kuma bin bashin maƙwabci ya fi bashin kansa ciwo.

Saura ranar ciniki, kuma a nan kaina zan ba ka misali. A 2013, bayan gwamnatin Kano ta hana acaɓa a watan Janairu, babura suka cika kasuwa, ni ma na bi sahu na sayar da Jincheng ɗina ga wani da abokin ƙanena ya kawo. Muka yi musabaha a ƙofar gida, na ƙirga kuɗi, na miƙa makulli da takardu, Allah ya sa albarka, amin. Ko layi ɗaya ba mu rubuta ba. Bayan fiye da shekara sai ga sallama da sassafe. An yi ƙwace da babur ɗin an gudu an bar shi, aka bi lamba, sunana ya fito. Na wuni a kan benci ina rantsuwa, babu abin da zan nuna. Wanda na sayar wa ya sayar wa wani, shi ma ya sayar wa wani. Mai shayin bakin layinmu da ya tuna ranar, da mai unguwa da ya tsaya min, su suka fitar da ni. Har yau in na tuna sai in ji kunyar 'ya'yana da suka ga an tafi da ni.

Yanzu kuwa abin ya fi haka. Kowa ya san da me 'yan bindiga ke yawo a daji, har ta kai a 2021 jihohin Zamfara da Katsina da Kaduna suka sa wa babura takunkumi. Naka kuma na daji ne tun daga ƙira. Saboda haka sanin wanda ka sayar wa ya fi ƙarin 'yan dubban da baƙo zai ɗora maka. A rubuta yarjejeniya kwafi biyu: sunanka da nasa, adireshi, lambar inji da ta firam kamar yadda suke a jikin ƙarfen, ba kamar yadda suke a takarda kawai ba, lambar babur, kuɗin da aka biya, rana har da lokaci, da layi ɗaya da ke cewa an nuna masa waldar ya gani ya yarda. Shaidu biyu su sa hannu, in da hali mai unguwa ya zama ɗaya. Ka ɗauki hoton katinsa na ɗan ƙasa, ka kira lambar wayarsa a gabansa ka ji ta yi ƙara. Sannan ku je ofishin lasisi tare a yi canjin mallaka, kada ya tafi da lambar da ke ɗauke da sunanka da alkawarin zai je daga baya, ba zai je ba. Ka fito da rasit ɗinka na 1998 da sauran takardu tun yau. In sun ɓata, a yi rahoto wurin 'yan sanda da takardar rantsuwa a kotu kafin mai saye ya zo. Mutumin kirki ba ya jin haushin waɗannan, shi ma kariyarsa ce. Wanda ya fara cewa haba Alhaji, ai mu Musulmi ne, mene ne na rubutu, ka ce masa albarka, wannan karon da hujja.

Kada ka kawo baƙon intanet soronka. Ku haɗu a garejin bakanike, da rana, da wani naka a gefe. Zai ce zai gwada, kuma haƙƙinsa ne, amma babura da yawa daga gwaji suka tafi ba su dawo ba. A wani garin sai a ce ka hau bayansa, a Kano kuwa goyo ma kansa jan magana ne, don haka a gwada a wuri mai katanga da ƙofa ɗaya, kuɗinsa ko abin hawan da ya zo da shi suna hannun mutuminka. In tiransifa zai yi, saƙon da ya shigo waya ba kuɗi ba ne, hoton da zai nuna maka a tasa wayar ma ba kuɗi ba ne. Buɗe asusunka da kanka ka ga sun zauna, sannan makulli ya bar aljihunka, ko da zai ce sabis ne ya yi nauyi kuma yana sauri. Wanda ya ba da kafin alƙalami a rubuta masa ranar cikawa. Wanda kuma ya kira daga wani gari ya ce ya saya ba tare da ya gani ba, zai turo direba, kashe wayarka.

Akwai hanya ta uku da ban so in ɓoye maka: ka ƙi sayarwa. Ba haramun ba ne mutum ya riƙe abin da yake so. Amma in ita ka zaɓa, ka faɗa wa uwargida da baki, ka nemo kuɗin kayan ɗakin a wani wuri, ka daina tara mutane suna ƙona mai suna zuwa kallo, kuma ka gyara shi ka riƙa hawa. Abin da kake yi yanzu ba riƙewa ba ne, shekara takwas kana kallon tsatsa tana cin sa a gabanka. Ni a ganina ka sayar. In bakanike ya tayar da shi kuma mai walda ya ce wuyan lafiya, ka sa hula ka zagaya unguwa sau ɗaya bayan asuba, a hankali, ka sa amarya ta ɗauke ka hoto a kai, ko ba komai ka samu madadin wancan na Agadas. Tsohuwar hular da ka ce har yanzu akwai lotsawar ranar a jikinta, ita ba ta cikin ciniki, ka rataye ta a ɗaki. Labarin da ka rubuto min kuma, wanda na yanke, ka zauna ka ƙarasa shi a littafi, don ya fi yawancin wasiƙun da nake samu daɗin karatu.

Ka gaida uwargida. Ka ce mata ta fara auna wurin, in soket ɗin soron ya lalace a kira mai gyaran wuta tun yanzu.